Hayar shekara: nauyin da ake iya rabawa gida goma sha biyu

Abin da ya fi durƙusar da ma'aikacin tarayya a Abuja shi ne kuɗin da ake biya a dunƙule: hayar gida ta shekara guda, kuɗin makarantar yara na zango uku, da hidimar Sallah ko Kirsimeti. An san lokacin kowannensu tun farkon shekara, amma sukan riski mutum hannu wofi.

Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin fetur, kuɗin mota ya cinye ɗan rarar da mazauna Mararaba, Nyanya, Kubwa da Suleja ke samu, domin kullum sai sun yi doguwar tafiya zuwa sakatariyar tarayya. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, sai dai tsadar abinci da ta haya sun riga shi isa.

Matakin farko shi ne a gina kasafi a kan abin da ya shigo asusu. Kafin albashi ya iso ta tsarin IPPIS, an riga an cire kashi 8 cikin 100 na fansho, da haraji, da gudummawar asusun gidaje na ƙasa. Wanda ya yi lissafi da adadin da ke cikin takardar ɗaukar aiki, ya yi da kuɗin da ba za su zo hannunsa ba.

Na biyu, a mai da hayar shekara ta wata-wata. Idan mai gida na karɓar naira 600,000, to naira 50,000 na kowane albashi tasa ce. A ware ta ranar da albashi ya shigo, kafin cefane da kiran 'yan'uwa daga gida. Ƙungiyoyin adashen gata na ma'aikatu sun dace da wannan, domin daga tushe suke cire kuɗin, hannu bai taɓa su ba balle ya yi sha'awa. Rancensu ma ya fi sauƙin ruwa a kan na manhajojin bashi na waya, waɗanda wasunsu kan tozarta mai bashi a gaban abokan aikinsa.

Na uku, hatsi ya fi araha da kaka. Abokan ofis uku ko huɗu kan haɗa kuɗi su sayi buhun shinkafa, wake ko masara su raba, su tsira daga sayen mudu-mudu a lokacin bazara da damina. Haka ma kuɗin mota: maƙwabta masu hanya ɗaya na iya shiga mota guda su haɗa kuɗin mai.

Ma'aikacin da ya fara ajiya a watan da ya biya haya, zai tarbi wasiƙar mai gida ta baɗi da kuɗinsa a hannu. Wanda ya jinkirta zuwa wata na goma kuwa, bashin da zai ci shi ne zai fara cinye albashin shekara mai zuwa.