Ladabtarwa da Haƙƙin Sauraro a Makarantar Hafsoshin 'Yan Sanda ta Wudil

An kafa Makarantar Horar da Hafsoshin 'Yan Sanda ta Nijeriya a shekarar 1988, ta tare a mazauninta na dindindin a Wudil ta Jihar Kano a 1996, sannan ta sami matsayin jami'a a 2012. Wannan ya sa ɗalibinta ke da matsayi biyu: mai neman digiri ne, kuma kurtu ne da ke ƙarƙashin umarni. Haka laifuffukansa suka kasu. Satar amsa a jarrabawa laifi ne na ɓangaren karatu, fita ba da izini ba ko bijire wa umarni kuwa na ɓangaren horo ne. Hukunci yakan faro daga gargaɗi, ya kai ga dakatarwa ko kora.

Sai dai tsananin horo bai soke sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ba, wanda ya wajabta sauraron wanda ake tuhuma. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri ta 1986, Kotun Ƙoli ta rushe korar wasu ɗalibai saboda ba a yi musu sauraron adalci ba, ta kuma ce kotu ce ke da hurumin yanke hukunci kan zargin aikata babban laifi.

Lamarin ya shafi yankuna irin su Anka da Gummi da Bukkuyum, inda ta'addancin 'yan bindiga ya sa ake buƙatar jami'an da jama'a za su amince da su. Hafsan da aka saba hukuntawa ba tare da an ji ta bakinsa ba, da wuya ya saurari talaka idan ya zama shugaban caji ofis.