Ɗaukar Hoton Ruwan Wikki

Ni mutumin Jakusko ne, ruwan da muka sani kuwa shi ne na rijiya da na tafki da na Komadugu, dukansu da hunturu sai an cije a taɓa su. Don haka ran da na ke gwajin koyarwa a aji biyar, na ce akwai marmaro a ƙasar Bauchi mai fitowa da ɗumi ba wanda ya hura masa wuta, sai yara suka tuntsire da dariya. Wani ya ce, "Malam, da idonka ka gani?" Ban gani ba. Shi ya sa da Kwaleji ta shirya tafiya Yankari na ari kyamara, na ƙudura sai na komo da shaida.

Muka bi ta Potiskum zuwa Bauchi, muka ratse a Dindima, muka shiga ta ƙofar Mainamaji. An keɓe dajin nan a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962. Daga 1991 ya zama gandun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan aka mayar wa Jihar Bauchi a 2006.

Wikki yana ɓuɓɓugowa daga gindin wani dutse mai tsayi, garau har ana ganin yashin ƙasa. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Dalili kuwa, ruwan sama ne ya ke nutsewa ta cikin dutse mai shan ruwa. Ƙasa ko, iyakar zurfinka iyakar zafinta, kusan digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. Can ya ke ɗumama, ya sami tsaga ya hauro.

Na fara ɗauka da tsakar rana, duk na yi hasara. Hasken rana ya kwanta bisa ruwan ya yi ƙyalli, hoton ya fito tamkar wani tafkin Gashuwa. Nan na gane kyamara ba ta jin ɗumi, abin da ido ya gani kaɗai ta ke kamawa. To, ina ɗumi ya ke bayyana ga ido? Sai a tururi.

Kashegari da asuba, sanyi na busawa, na sauka matakalar. Ga tururi yana tashi bisa ruwa, domin iska ta fi ruwan sanyi nesa. Kada mutum ya ba rana baya kamar yadda aka saba koya mana. Ya tsaya inda haske zai ratso tururin daga gaba ko daga gefe, duhun dutse da itatuwa yana bayansa, sa'an nan farinsa zai fito. Gilashin kyamarar da ya kwana cikin sanyi yakan yi raɓa, sai a dakata ya washe, kada a goge shi da bakin riga. Na sa abokina ya tsaya cikin ruwan don a gane girman wurin. Masu wanka kuwa, ba a ɗaukarsu sai da izni. Jaka ma a riƙe ta, gwaggon biri ya tafi da burodina ina kallo.

Wani abokin tafiya ya ce a jira ruwan ya yi tsiri sama kamar na cikin littafi. Wannan wani iri ne dabam. Marmaro mai tsartuwa yana bukatar dutse mai zafin gaske kusa da bisa, da maƙogwaro matsattse. Ruwan ƙasa ya wuce zafin tafasa, nauyin na sama ya danne shi, har tururi ya rinjaya ya watso shi duka. Akwai su a tsibirin Aisland, da gandun Yalosuton na Amurka wanda aka kafa a 1872. Can akwai wanda ya kan tashi kamar kowace awa ɗaya da rabi, ya kai mita 30 ko fiye, mai hoto sai ya shirya ya zauna jira. Wikki bai ko kai zafin jikin mutum ba, balle tafasa.

Hotuna uku suka yi kyau cikin duka. Na kai su aji biyar. Yaron nan ya daɗe yana duba, sa'an nan ya tambaye ni wa ya ke ƙona ciyawa a bakin ruwan.