Zaman Jariri da Fara Shan Kunu

Uwargida, ki saurara da kyau. Jariri yana riƙe wuyansa wajen wata 4. Yana fara zama wajen wata 6. Wani yana kaiwa wata 8. Wannan ba ciwo ba ne.

Kada ki zaunar da shi cikin daro tun wuyansa bai yi ƙwari ba. Idan lokaci ya yi, ki shimfiɗa tabarma nesa da murhu, ki tokare bayansa da matashi.

Kafin wata 6, nono kaɗai ya ishe shi, ko da zafin bazarar Damargu. Daga wata 6, ki dama masa kunun gero mai kauri da garin gujiya. Ki ci gaba da ba shi nono.

A birane ana sayar da doguwar kujerar jarirai. Ba dole ba ce. Cinyarki ta isa. Ki wanke hannu da sabulu, ki zaunar da shi, ki ba shi da cokali. Ban da ɗura! Kunu yana iya sarƙe shi, ya shiga huhu.

Idan ya cika wata 9 bai zauna ba, ki kai shi likita a Tanut, ko Belbeji, ko wadda ta fi kusa da ku.