FASHIN BAƘI: Shin dukan dokokin Littafi Mai Tsarki sun hau kan kowane Kirista, Bayahude da wanda ba Bayahude ba?

Tun bayan ɓarkewar yaƙin Gaza a watan Oktoban 2023, ayoyin littattafan addini sun zama makamin muhawarar siyasa a Arewacin Najeriya. Matashin da ke zaune a Farin Dutse, cikin ƙaramar hukumar Gwaram a kudancin Jigawa, ba ya buƙatar taka ƙofar coci kafin maganar ta iske shi. Wayar hannunsa ta wadatar. A wani bidiyon zai ji ana cewa Kiristoci sun yi watsi da littafinsu, tunda ba sa kiyaye Asabar kuma wasunsu na cin naman alade. A wani kuma zai ji mai wa'azi yana cewa goyon bayan ƙasar Isra'ila wajibi ne a kan duk Kirista.

Maganganun biyu sun yi hannun riga, amma tushensu ɗaya: shin abin da aka faɗa wa Bani Isra'ila a Littafi Mai Tsarki ya hau kan kowane mai bi a yau? Kiristoci sun yi kusan shekara 2,000 suna tattauna wannan tambaya. Sun haɗu a kan cewa littafin duka mai tsarki ne. Inda suka rabu shi ne wane umarni da wane alkawari aka nufi wa da shi.

Littafi ɗaya, masu sauraro daban-daban

Littafi Mai Tsarki kashi biyu ne. Tsohon Alkawari yana da littattafai 39 a lissafin Furotesta, 46 a na Katolika, kuma a cikinsa Attaura take, wadda malaman Yahudawa suka ƙididdige dokokinta 613. Sabon Alkawari yana da littattafai 27. Fassarar Hausa, wadda aka fara buga cikakkiyarta a 1932, tana kiran duk wanda ba Bayahude ba da sunan "Al'ummai". A wannan ma'auni, Kirista Bahaushe da Bawarje da Bature duk sahu ɗaya suke.

Yesu Almasihu da almajiransa na farko Yahudawa ne masu kaciya da zuwa Haikali. A Matiyu sura 10 da 15 an nuna aikinsa ya fara ne da gidan Isra'ila, ayoyin da masu muhawara ke yawan kafa hujja da su. A sura 28 ta wannan littafin kuma, an umarci almajirai su kai saƙon ga dukan al'ummai. Da Helenawa da Romawa suka fara karɓar addinin, sai tambaya ta taso: sai sun zama Yahudawa tukuna?

Hukuncin taron Urushalima

Ayyukan Manzanni sura 15 ta ba da labarin taron da aka yi a Urushalima wajen shekara ta 49 Miladiyya. Wasu sun dage cewa sai an yi wa sababbin masu bi kaciya, an ɗora musu Shari'ar Musa. Bitrus da Bulus da Barnaba suka ƙi. Yakubu, jagoran ikilisiyar birnin, ya kawo matsayar da aka amince da ita: ba za a ɗora wa Al'ummai wannan nauyi ba, sai dai su guji abubuwa huɗu, wato abincin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman dabbar da aka maƙure, da fasikanci.

Abin lura shi ne hukuncin bai ce Yahudawa masu bi su bar Attaura ba. Bulus ya yi wa Timoti kaciya, domin mahaifiyarsa Bayahudiya ce, amma Titus, wanda Baheleni ne, ba a tilasta masa ba. Shi dai wannan Bulus ɗin ne ya rubuta wa Galatiyawa cewa a sha'anin ceto babu bambanci tsakanin Bayahude da Baheleni. Ke nan tun ƙarni na farko an rarrabe abu biyu: hanyar ceto ɗaya ce, amma wajiban yau da kullum ba lalle su zama ɗaya ba.

An taɓa gwada yanke igiyar baki ɗaya. Wajen shekara ta 144, wani malami mai suna Markiyon ya ce a jefar da Tsohon Alkawari ɗungurungum. Ikilisiyar Roma ta kore shi, littafin ya tsaya yadda yake.

Fahimtoci huɗu da ke raye a yau

Ta farko ita ce mafi daɗewa, kuma ita Katolika da Angilikan da wasu manyan ɗariƙu suka gada. Tana kasa dokokin Attaura gida uku: na ɗabi'a, kamar haramcin kisa da sata da zina, waɗanda suka hau kan kowa; na ibada, kamar hadaya da abinci, waɗanda ake ganin sun cika da zuwan Almasihu; da na mulkin ƙasar Isra'ila ta dā, waɗanda suka wuce tare da ita. Ƙa'idojin Angilikan 39 na shekarar 1571 sun bayyana haka a ƙa'ida ta bakwai. Da yawa daga masu wannan fahimta na ganin alkawuran da aka yi wa Ibrahim sun koma kan dukan masu bi.

Ta biyu ta fito ne daga John Nelson Darby a shekarun 1830, ta bazu a Amurka ta hanyar bugun Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909. Tana cewa Allah yana da shiri biyu, ɗaya domin Isra'ila, ɗaya domin Ikilisiya, kuma alkawarin ƙasa yana nan daram ga Yahudawa. Masu wannan ra'ayi kan ce duk Nassi yana da amfani ga Kirista, amma ba dukansa aka rubuta masa kai tsaye ba. Daga nan ne aka samu masu ɗaukar kafuwar Isra'ila a 1948 a matsayin cikar annabci.

Ta uku ita ce ta irin ɗariƙar Seventh-day Adventist, wadda ke kiyaye Asabar da haramcin alade a kan kowane mabiyinta. Ta huɗu kuwa ta Yahudawan da suka gaskata da Yesu ce, waɗanda da yawansu ke riƙe da Asabar da bukukuwan Attaura a matsayin gādonsu, ba tare da sun wajabta wa wasu ba.

Wannan saɓani yana taɓa aljihu ma. A 2017, ɗan jaridar rediyo Daddy Freeze ya tayar da ƙura a Najeriya da ya ce zakkar kashi ɗaya cikin goma doka ce ta Lawiyawa da Haikali, ba ta Kiristan yau ba. Manyan fastoci suka mayar masa da martani da Malakai sura 3. Tambayar dai ita ce ta taron Urushalima, ta sake riga kawai.

"Bani Isra'ila" na ƙasar Hausa

Yankin da Farin Dutse take ba baƙo ba ne ga wannan zance. Gwaram da Birnin Kudu suna maƙwabtaka da ƙasar Ningi, inda Malam Hamza da wasu malaman Tsakuwa suka yi hijira a shekarun 1840 bayan saɓani da masarautar Kano kan haraji. Duwatsun Ningi suka zama mafakar masu tsere wa hukuma.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wani malami mai suna Ibrahim ya riƙa fifita matsayin Annabi Isa (AS) bisa abin da ya fahimta daga Alƙur'ani, har aka kashe shi a kasuwar Kano. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse, wasu suka nufi wajejen Ningi. Hausawa ne, amma sun kira kansu Bani Isra'ila. A 1913 wasu daga cikinsu suka je wurin Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya, suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, kuma ragowarsu na cikin waɗanda aka gina al'ummar Wusasa da su daga 1929.

Labarinsu ya nuna cewa sunan "Isra'ila" ya daɗe da ma'ana fiye da ɗaya a ƙasar Hausa: akwai zuriya, akwai iƙirarin bangaskiya, sai daga baya aka samu ƙasa mai tuta da sojoji. Cakuɗa ukun nan shi ke rikita muhawarar yau.

Inda siyasa ta shigo

Ayar da aka fi jawowa ita ce Farawa 12:3, inda aka yi alkawarin albarka ga mai sa wa Ibrahim albarka. Masu fahimta ta biyu suna ɗora ta a kan ƙasar Isra'ila ta yau. Wasu Kiristocin suna cewa Ibrahim da zuriyarsa ta bangaskiya ake nufi, ba wata gwamnati ba. Cocin Katolika, a takardar Nostra Aetate ta 1965, ta yi tir da ƙin jinin Yahudawa, amma Fadar Vatican ta amince da ƙasar Falasɗinu a yarjejeniyar 2015. Malaman Kiristocin Falasɗinu kuwa sun fitar da takardar Kairos a 2009, suna ƙin a yi amfani da Nassi wajen halatta ƙwace ƙasarsu.

Ita ma Najeriya ba da aya ta tsara manufarta ba. Ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ta amince da Falasɗinu a 1988, ta maido da hulɗar a 1992.

Don haka wanda ya ce Kirista ya ci amanar littafinsa saboda bai kiyaye Asabar ba, ya tsallake Ayyukan Manzanni 15. Wanda kuma ya ce duk Kiristan Najeriya ra'ayinsa ɗaya kan Gaza, ya shafe saɓanin da ke cikin coci tun ƙarni na 19. A jiha irin Jigawa, inda Kiristoci tsiraru ne, irin wannan kuɗin goro yana iya mayar da maƙwabci wakilin wata ƙasar da bai taɓa gani ba. Kafin a tura bidiyon gaba, akwai tambayoyi uku da suka cancanci amsa: wa aka faɗa wa ayar, a wane zamani, kuma wace ɗariƙa ce ke fassara ta?