Jam'iyyar PRP da Batun Ƙasa da Ruwa a Ƙasar Kano

Jam'iyyar PRP, mai alamar mabuɗi da taken "Nasara", ƙarama ce a siyasar Najeriya ta yau, amma a cikinta ne aƙidar 'yan sawaba ta fi daɗewa. Malam Aminu Kano ya kafa ta a 1978, ta gaji NEPU da aka assasa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Tun daga NEPU, ginshiƙin maganarta ɗaya ne: al'umma kashi biyu ce, masu mulki da talakawa, kuma gumin talaka ne ke ɗauke da mulkin.

A karkara, a wancan zamani, wannan magana tana nufin haraji da jangali. Manomin ƙasar Gwarzo, ko a Lakwaya yake ko a Getso, ya san yadda abin ke zuwa da kaka. Mai unguwa ya bi gida-gida, dagaci ya tara ya kai wa hakimi. Hatsi a lokacin ba ya da daraja, don haka sai magidanci ya auna dawa ya kai kasuwa a arha, ko ya ja akuya, da bazara kuma ya dawo yana sayen hatsin da tsada. Wanda ya rasa abin biya yakan sulale ci-rani. Bafulatani kuwa kowace saniya kuɗinta daban, shi ya sa wasu ke kora garke daji idan an ji masu ƙidaya na tafe.

A zaɓen 1979 PRP ta ci jihohi biyu: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. Katsina a lokacin tana cikin Jihar Kaduna, ke nan mutumin Gwarzo da maƙwabcinsa na Malumfashi duk gwamnonin PRP suke da su. Da hawansu suka soke haraji da jangali, kuma har yau wannan ne aikin da dattawan ƙauye suka fi tuna jam'iyyar da shi.

Ba a jima ba ɓaraka ta shigo. Gwamnonin biyu suka riƙa zama da takwarorinsu na jam'iyyun UPN da GNPP, shugabannin jam'iyya suka hana, gwamnonin suka ƙi hanuwa. Gida ya rabu: 'yan santsi na gwamnoni, 'yan taɓo na Malam. Aka tsige Balarabe a Yunin 1981. Ranar 10 ga Yuli na wannan shekara tarzoma ta ɓarke a Kano, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba Rimi shawara kan siyasa. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983. A zaɓen wannan shekara Sabo Bakin Zuwo ya ci Kano da tutar PRP, soja suka kifar da gwamnati a ƙarshen shekarar.

Wannan rikici ya cinye lokacin da ya kamata a ba wata tambaya da ta fi haraji nauyi: wa ke da iko da gona, da ruwa, da makiyaya? Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma idan hukuma ta karɓi gona, diyyar da ake biya ta shuka da gini ce. A Afrilun 1980 manoman Bakolori, kusa da Talata Mafara, suka tare hanyoyi saboda gonakin da aikin madatsa ya cinye musu. 'Yan sanda suka buɗe wuta, rayuka da dama suka salwanta. A Kano ma madatsun sun zo da amfani da kuma illa. Tiga ta 1974 da Challawa ta ƙasar Ƙaraye, wadda aka kammala a 1992, sun raya noman rani sun shayar da birni. Amma sun sauya yadda ruwa ke malala a fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar kacala ta toshe magudanai, masunta da manoman shinkafa da makiyaya na can suka ɗauki asarar. Ƙananan madatsu irin Guzu-Guzu da Magaga a yankin Kabo da Gwarzo su ma suna da tasu tambayar: wa ke samun filin bakin ruwa, kuma ta ina shanu za su bi su sha?

A wasu ƙasashe irin wannan tambaya ta haifi aƙida mai zaman kanta, wato gurguzun kare muhalli, wadda ke cewa tsarin da ke tatsar ma'aikaci shi ne ke tatsar ƙasa. A ƙasar Ailan, ɗan majalisa Paul Murphy ya kafa wata 'yar ƙungiya mai suna RISE a 2019 bisa wannan ra'ayi, a 2021 ta shige cikin jam'iyyar People Before Profit. PRP ba ta taɓa tsara aƙidarta da wannan suna ba, ko da yake koken magoya bayanta na ƙauye ya fi kusa da shi: burtali ya tsuke, taki ya yi tsada, gona ta gaji, itace ya koma gawayi.

Bayan dawowar mulkin farar hula Balarabe Musa ya sake ɗaga tutar jam'iyyar, ya jagorance ta shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a Nuwamban 2020. Tana nan da rajista, tana tsayar da 'yan takara, sai dai ƙuri'un Kano sun koma hannun manyan jam'iyyu, waɗanda kusan kowacce ke kiran kanta magajiyar Malam.