Wa Zai Ɗauki Hoton Daren Kurfi Da Dutsin-Ma?

Kwanakin baya wani taron ƙara wa juna ilimi ya kai ni Kano. Bayan sallar isha'i na fito shan iska har na isa kusa da gadar sama ta Ƙofar Nassarawa. Motoci da a-daidaita-sahu na kwarara tamkar ruwan kwazazzabo a tsakiyar damina. Na jingina wayata da wani dakali don kada hannuna ya girgiza ta, na bar ta ta sha haske na 'yan sakanni. Da na duba, motocin sun ɓace daga hoton, sai dogayen zare ja da fari da fitilunsu suka shata a kan kwalta, ga kuma wani mai shayi a gefe, shi kaɗai ya fito sarai domin shi kaɗai ne bai motsa ba.

Sai da na dawo gida ina bin hotunan da na tara a tafiye-tafiye, sannan wani abu ya tsaya mini a rai. Ina da daren Kano, ina da na Abuja, har da na Alƙahira. Amma Kurfi, garin da nake ratsawa duk lokacin da zan je Katsina daga Dutsin-Ma, ba ni da hoton darensa ko ɗaya. Dutsin-Ma ma haka. Na tambayi ɗalibaina, waɗanda wayoyinsu ke cike da hotuna, amsar ita ce dai. Wannan giɓi ya wuce na sha'awa. Giɓi ne a tarihinmu.

Ɗaukar hoton titi da dare tsohuwar sana'a ce. A farkon shekarun 1930 wani mai hoto da ake kira Brassaï ya riƙa yawo a titunan Faris cikin duhu da hazo, ya fitar da littafin hotuna wanda har yau ake komawa gare shi don sanin yadda birnin yake kafin Yaƙin Duniya na Biyu. A nan kusa da mu, Malick Sidibé ya bi samari da 'yan matan Bamako wuraren shagalinsu na dare bayan Mali ta sami 'yancin kai a 1960. Hotonsa na 1963, na wani saurayi da wata yarinya marar takalmi suna rawa, ya bayyana farin cikin wannan zamani fiye da jawaban 'yan siyasa. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin baje kolin fasaha na Venice. Dukansu biyu sun gane cewa da rana gari yana aiki ne bisa tilas, da dare kuwa yake nuna ko yana da kwanciyar hankali.

Shi hoto, asalinsa haske ne da aka kama. Kyamara tana da wani ƙyaure da ke buɗewa ya rufe. Da rana ƙiftawar ido ma ta yi masa yawa, domin kashi ɗaya cikin ɗari biyar na sakan ya wadatar. Da dare haske ya yi ƙaranci, dole a bar ƙyauren a buɗe tsawon lokaci. Duk abin da ya motsa a wannan tsakani sai ya zama zane, abin da ya tsaya cik kuma ya fito. Shi ya sa mai son zaren fitilun mota yake buƙatar sakan biyar zuwa goma sha biyar, da maɗori mai ƙafa uku, ko kuwa katanga, ko benci. Mai son fuskar mutum kuwa, sai ya matsa inda haske yake: ƙwan lantarkin mai shago, garwashin tukubar mai tsire, fitilar sola ta mai sayar da lemo. Idan aka tilasta wa kyamara ta ƙara ƙarfin ganinta fiye da kima, hoton kan fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi. Wayoyin zamani sun rage wannan wahala. Tun wajen 2018 da 2019 kamfanoni irin su Google da Apple suka sa wa wayoyinsu tsarin dare, wanda ke ɗaukar hotuna da yawa a jere ya haɗe su wuri guda. Ashe ke nan rashin kayan aiki bai zama uzuri ba.

Abin da ya hana mu, kowa ya san shi: tsoro. A ƙarshen watan Agusta na 2021 gwamnatin Jihar Katsina, ƙarƙashin Gwamna Aminu Bello Masari, ta fitar da dokar shawo kan matsalar tsaro, wadda ta rufe wasu hanyoyi, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Kurfi da Dutsin-Ma, da maƙwabtanmu Safana da Batsari da Ɗanmusa. Wanda ya zauna a nan a waɗannan watanni ya ga yadda dare ya mutu. Direba ya daina lodi bayan la'asar sakaliya, matafiyi ya gwammace ya kwana a Katsina, mai shayi ya kife tukunya da wuri. Ina shaidar wannan a hoto? Ina kuma shaidar dararen da suka gabace shi, lokacin da ake hira a bakin titi har sha biyu? Jikokinmu za su ji labari, amma gani ya kori ji.

Abin takaici, hotunan yankinmu da suka fi yawo a intanet su ne na washegarin hari: ƙonannen rumbu, tarin takalma, jerin makara. Gaskiya ne, ba ƙage ba, sai dai rabin gaskiya ce. Wanda bai taɓa zuwa ba zai ɗauka babu abin da ke faruwa a nan sai makoki. Wannan damuwa ce ta sa Fati Abubakar ta fara ɗaukar hotunan rayuwar yau da kullum a Maiduguri a tsakiyar rikicin Boko Haram, tana wallafa su a Instagram da sunan Bits of Borno: 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu biki. Ba ta musanta bala'in ba. Ta hana shi ne ya zama shi kaɗai fuskar garinta. Mu ma muna da irin wannan haƙƙi a kan namu garuruwan.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka ina tura matasa cikin duhu da waya a hannu. Ni kaina na ɗanɗana. Wani dare, a wata tashar mota da ba sai na ambaci sunanta ba, na ɗaga waya zan ɗauki jerin motocin da ke lodi. Kafin in ankara matasa uku sun kewaye ni, suna tambaya wa ya aiko ni. Wani dattijo ne ya raba, ya ce, "Malam, a wannan zamani ba a nuna wa wuri waya sai an yi sallama." Ban ga laifinsu ba. A ƙasar da masu kai wa 'yan bindiga bayanai suka jawo asarar rayuka, baƙo mai ɗaukar hoto da dare abin tuhuma ne.

Daga ranar na ɗora wa kaina sharuɗɗa. Na farko, sallama kafin kyamara: a gaida mutane, a sayi shayi, a faɗi ko wane ne kai da abin da ya kawo ka, a nemi izinin shugaban tasha ko mai unguwa. Na biyu, ba a ɗaukar shingen jami'an tsaro, ko wurin da 'yan sintiri ke zama, ko wata kafar shiga gari, domin hoton da ka ɗauka don ado yana iya zama taswira a hannun mugu. Na uku, a kashe alamar wuri da waya ke liƙa wa hoto, kuma kada a wallafa shi a daren da aka ɗauka. Na huɗu, mata da yara da mabarata ba kayan kallo ba ne. Wanda ya ce a'a, a goge a gabansa. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, amma tun kafin shi tarbiyyar Bahaushe ta san mutunci. Na biyar, a tsaya inda jama'a da haske suke, tsakanin magariba da isha'i. A fasahance ma wannan lokaci ya fi, domin sama ba ta gama baƙi ba, fitilu kuma sun riga sun kama.

Aikin ya fi ƙarfin mutum guda. Dutsin-Ma tana da Jami'ar Tarayya tun 2011, tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Me zai hana malaman tarihi da na harsuna da na nazarin zamantakewa su haɗa kai, su zaɓi wurare kaɗan, a ce bakin kasuwa da tashar mota da babban titin da ya ratsa Kurfi, a riƙa ɗaukar hotonsu daga wuri ɗaya, a sa'a ɗaya, sau ɗaya a wata, da sanin hakimai da jami'an tsaro? A rubuta kwanan wata, a adana a ɗakin karatu, a ba Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha kwafi. Bayan shekara goma za a sami ma'aunin da ba ya ƙarya: shaguna nawa ne a buɗe, fitilun titi nawa ke ci, mutum nawa ke zaune a benci. Duk shugaban da ya ce tsaro ya dawo, sai a buɗe kundin a duba tare.

Ni dai na fara. Makon jiya, da izinin mai wurin, na ɗauki teburin wani mai shayi a Dutsin-Ma bayan magariba: tiriri na tashi, mutum shida a kan benci, wata motar Katsina ta wuce ta bar jan zare a bayansu. Bai kai na Kano ƙyalli ba. Amma shi na wanke na kai masa, shi kuma ya liƙa a jikin allon da yake jera gwangwanayen madara. Allah Ya maido mana da dararenmu lafiya.