Ko Kun Sani?

A Amurka akwai wani ɗan ƙaramin abu na ƙarfe ko roba, bai fi kan babban yatsa girma ba, wanda dokar tarayya ke ɗaukarsa a matsayin mashin-gan sukutum, ko da ba a ɗaura shi a kan kowace bindiga ba. Ana kiransa makunnin Glock, amma kamfanin bindigogin Glock na Austriya ba ya ƙera shi. Yawanci daga China ake fasa-ƙwaurinsa, ko a ƙera shi a ɓoye.

Da zarar an maƙala shi a ƙeyar ƙaramar bindiga, sai ta daina fitar da harsashi ɗai-ɗai, ta koma zazzagawa, wajen harsashi 20 a daƙiƙa guda. Bindigar kan yi ta tsalle a hannun mai harbi, shi ya sa waɗanda ba su ji ba, ba su gani ba, ke faɗuwa. Wannan ne abin da ya fi ciwo.

Tun 1934 Amurka ta taƙaita mallakar mashin-gan. A 1968 aka sa kayan sauya bindiga a cikin dokar, a 1986 kuma aka hana farar hula mallakar sababbi. Hukuncin keta dokar ya kai ɗaurin shekara 10. Duk da haka, hukumar ATF mai sa ido kan bindigogi ta ce an kama irin waɗannan na'urori 5,454 daga 2017 zuwa 2021, alhali 814 kacal aka kama a shekara biyar ɗin baya. Jihar Alabama ta kafa tata dokar a 2025, bayan harbin birninta na Birmingham a Satumba 2024 da ya kashe mutum huɗu.